Takardar da Malam Makulli Ya Yi wa Tagogi

Shekarar dai ta ɓace mini. Na so in duba a ɗan littafin da nake rubuta abubuwa don kada in manta, sai na tarar littafin ma na manta inda na ajiye shi. Sunan mutumin na gaskiya shi ma ya tafi. Abin da ya rage mini shi ne laƙabinsa, da ƙarar makullan da yake ratayawa a ƙugu, da warin man goge takalmi. In kun ga na tsallake wani wuri ku yi mini uzuri, tsufa ne. Suna ɗaya kawai zan ɓoye da gangan, kuma za ku ga dalili.

A lokacin kullum ina zuwa ɗakin karatu na majalisa, ina bin tsofaffin rahotanni don wani littafi da nake haɗawa a kan rijiyoyi. Ban gama shi ba har yau, amma wannan wata magana ce. Ɗakin karatun yana bene na biyu, ƙofarsa tana kallon ofishin kwamitin lafiya, don haka duk wanda ya shiga ko ya fita ina ganinsa ta saman tabarau.

Sakatariyar kwamitin mace ce marar yawan magana, aikinta tsaf. Mataimakinta kuwa shi ne Malam Makulli. Makulli goma sha huɗu yake yawo da su, ko da yake Goggo mai tura keken shayi ta rantse mini cewa uku ne kawai suke buɗe wani abu.

"Baba Malam," yakan ce mini, "shekara ashirin da shida a gidan nan, ko takardar naɗe gyaɗa ba ta taɓa kuɓuce mini ba. Asirin ƙasar nan a aljihuna yake kwana."

"Shi ya sa aljihun ya huje," in ji Goggo. "Karɓi shayinka."

A wannan shekarar kwamitin yana binciken wani kamfani da aka ba aikin tace ruwan famfo. Mutane sun yi ta kwanciya da ciwon ciki, kamfanin kuwa yana nuna takardun gwaji masu cewa ruwan garau yake. To, 'yar ƙanwata, wadda muke kira Auta, a ɗakin gwajin kamfanin take aiki. Wata rana ta zo gidana, ta zauna a bakin tabarma, ta daɗe tana murɗa gefen gyalenta.

"Kawu, wata huɗu ba a gwada ruwan nan ba. Sa hannu kawai ake yi. Wani babba ne ya yi waya ya ce a daina ɓata lokaci. Na rubuta komai, shafi ashirin da biyu, da alƙaluman gaskiya. Na yi rantsuwa a gaban Sakatariya."

"Sunanki fa?"

"Ta ce za a rufe shi kafin kowa ya gani. Shaida ta Uku za a riƙa ce mini. In manaja ya san ni ce, Kawu, ranar zan bar aiki, kuma babu ɗakin gwajin da zai sake ɗaukata."

'Ya'ya uku gare ta, mijinta kuwa ciwon baya ya zaunar da shi. Na ce mata ta kwantar da hankali, Sakatariya ba ta wasa. Ban gaya wa kowa a majalisa cewa na santa ba.

Saura kwana huɗu a yi zaman da za a buɗe wa jama'a, Sakatariya ta zame a matakala ta karye a ƙafa. Ana ɗauke ta a kan kujera tana cije leɓe, Malam Makulli yana bin su yana cewa, "Ki huta, ranki ya daɗe, ki huta! Kwamiti yana hannun da ya dace!" Na ga ta rufe ido. Na ɗauka zafin ƙafar ne.

Washegari ya zo da sabuwar farar riga, ya koma kan kujerarta, ya bar ƙofa a buɗe don a gan shi. Ya kira ni da hannu.

"Baba Malam, zo ka ga yadda ake ɓoye asiri. Kai mai rubuta tarihi ne, ka riƙe wannan ranar."

Na shiga, don na hango fayil ɗin a kan tebur, an rubuta Shaida ta Uku a bayansa. Goggo ma ta turo kekenta ta tsaya.

"Ita dai Sakatariya," in ji Goggo, "baƙar takarda take yankawa ta liƙa a kan sunan, ta kai injin kwafi, ta raba kwafin, ta kulle na asali. Minti ashirin ta gama."

"Aikin 'yan koyo ke nan," ya ce. "Injin kwafi? Injin da kowane ɗan aike yake ɗora hannu a kai? Ni takardata ba za ta ga hasken injin nan ba. Takarda ɗaya, mai tsaro ɗaya. Ni."

Gaskiyar magana, shekara biyu ba sa ga maciji da mai kula da injin, a kan wata kujera mai juyawa. Ban tuna wanda ya ci kujerar ba.

Ya zaro wani ƙaton alƙalami mai baƙar tawada, ya kare shafin farko da hannunsa kamar ɗalibi a jarrabawa, ya ja layi sau uku, ya hura, ya miƙa wa Goggo.

"Karanta in kin isa. In kika karanta, na bar miki kujerar nan."

Goggo ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta ɗaga takardar saitin taga. Rana ta bugo ta baya. Ta ƙanƙance ido, ta buɗe baki, ta furta rabin sunan Auta.

Kofin da ke hannuna ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. Na kama tari, tarin da ba ni da shi. Goggo ta dube ni, ta dubi takardar, ta sake dubana. Sai ta ajiye ta a hankali.

"Idona ba ya gani sosai," ta ce. "Amma ka tashi daga kujerar, Malam, tawa ce."

"Laifin taga ne!" in ji Makulli. "Wa ya ce a yi taga a ofishin sirri?"

Ya sa aka rufe labule, ya kunna fitila. Goggo ta nuna masa fitilar da yatsa. Ya ɗaga takardar da kansa, ya gani, ya kashe fitilar. Muka zauna a duhu mu uku da rana tsaka.

"Yanzu fa?" ya ce. "Wa ke iya karantawa?"

"Babu," in ji Goggo. "Sai ka gaya wa Shugaba a yi zaman a cikin rijiya. Ga Baba Malam nan, ya san masu zurfi."

Kwana na biyu warin ne ya fara iso ni tun daga matakala. Ya aro man goge takalmi a wurin mai gadi, da buroshin, ya shafe sunan a shafi huɗu, ya jera su a ƙasan ofis don su bushe, shi kuma yana zagaye su yana fifita da fayil. Mai gadi ya tsaya a ƙofa yana leƙe.

"Yallaɓai, in ka gama da su ka buga musu ƙyalle, sai sun fi sheƙi."

"Kai da Allah tafi can! Wannan kimiyya ce."

Man bai bushe ba. Da ya ji takun wani ɗan majalisa a baranda, sai ya tattara shafukan da sauri ya haɗe su ya zauna a kai. Ɗan majalisar ya wuce abinsa, banɗaki yake nema. Makulli ya tashi, shafi na uku da na huɗu sun zama ɗaya, farar riga kuwa ta samu baƙin hatimi a mazaunai. Ya yi ta ɓamɓarar takardun da tsinken sakace har aka tashi aiki. Da suka rabu, man ya kwashe ya koma ɗaya shafin, sunan kuma ya fito fes, har da ƙyalli.

"Ka goge shi da kyau," in ji mai gadi. "Ai na faɗa maka man nan mai kyau ne."

Na je kusa da shi na ce, "Malam, da ka kira Sakatariya a waya ka ji ta bakinta."

"In ta da majiyyaciya a kan abin da na fi ta sani? Baba Malam, gobe za ka ga abin da ba a taɓa yi ba a majalisar nan."

Ya faɗi gaskiya. Kwana na uku ya zo da reza sabuwa da katakon yanka albasa daga gidansa. Tawada tana nunawa, mai yana gogewa, amma abin da babu shi, in ji shi, ba mai karanta shi. Ya bi shafi ashirin da biyun nan yana yanke sunan Auta ɗaya bayan ɗaya, wuri goma sha tara. Da hannunsa ya ji daɗin rezar sai ya ƙi tsayawa. Ya yanke kwanan wata. Ya yanke sunayen tituna. Ya yanke sunan kamfanin da kowace jarida ta buga. Ya yanke sunan kwamitin kansa, wai don taka-tsantsan.

Duk guntun da ya fitar sai ya jefa shi a wata babbar ambulan mai ruwan ƙasa, sannan ya buɗe rajista ya rubuta. Dokar kwamiti ta ce duk abin da aka cire daga shaida a rubuta shafinsa, da irin abin da aka cire, da wanda ya ba da umarni. Wannan dokar Makulli ya haddace ta, kuma ita kaɗai ce yake bi da zuciya ɗaya, don yana son ganin rubutun hannunsa a rajista.

"Guntayen nan ka ƙone su mana," in ji Goggo.

"In ƙone kayan majalisa? Ni? Kin san hukuncin?"

"To juya takardar mu ga bayanta."

Ya juya. Auta ta buga shaidarta gaba da baya don tattalin takarda, alƙaluman gwajin ruwan kuwa a bayan shafukan suke. Ko'ina reza ta bi ta gaba, ta tafi da wani abu ta baya. Makulli ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyara murya.

"Na sani. Da gangan ne. Asiri biyu da yanka ɗaya."

Bayan cin abincin rana a ranar, na ga Mataimakin Shugaban kwamitin, wani dogo mai turare, ya zo yana waige-waige, ya shiga ofishin ya ja ƙofa. Bai taɓa hawowa benen nan ba a sanina. Ya yi kamar minti goma ya fito. Makulli ya rako shi har matakala yana rusunawa, ya dawo ƙirji a gaba.

"Ka gani, Baba Malam? Da ƙafarsa ya zo. Manya sun san inda aiki yake."

"Me ya ce?"

"Asiri," ya ce, ya kaɗa makullai. "Amma na rubuta."

Ranar zama zauren ya cika maƙil. 'Yan majalisa suna kan dogon tebur, 'yan jarida a gaba, lauyan kamfani a gefe da jakarsa. Kamfanin ya kwaso ma'aikatansa a bas don su cika kujeru su nuna goyon baya, sai ga Auta a layi na biyu, daidai bayan manajanta. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Na samu kujera a ƙarshe kusa da keken Goggo.

Malam Makulli ya shigo a makare, don ya tsaya a baranda yana yi wa 'yan jarida bayanin tarihin aikinsa. Ya ajiye fayil a gaban Shugaba da hannu biyu.

Shugaban kwamitin dattijo ne mai kirki, wanda bai taɓa karanta abin da ya wuce shafi ɗaya ba. Ya ce, "Ina kwafin sauran 'yan kwamiti?"

"Babu, ranka ya daɗe. Ɗaya ce tilo. Sai a riƙa miƙawa."

Shugaba ya buɗe, ya ɗaga shafin farko. Daga inda nake na hango idonsa na dama ta cikin takardar, yana ƙiftawa. Ya ɗaga na biyu, idanunsa biyu da hancinsa suka bayyana. Wani mai ɗaukar hoto ya danna. Zauren ya fara gunaguni, gunagunin ya zama dariya.

"Akawu," in ji Shugaba, "wannan shaida ce ko rariya?"

"Shaida ce da aka tsare, ranka ya daɗe."

Shugaba ya yi ƙoƙarin karantawa. "A ranar... na je... na tarar ruwan... ya kai..." Ya juya baya. "Ya kai me?"

"Yana cikin abin da aka tsare."

Lauyan kamfani ya miƙe a hankali, yana gyara hannun riga, fuskarsa kamar wanda aka yi wa kyauta.

"Ranka ya daɗe, da wannan za a ɓata wa kamfani suna? Takardar da iska ke ratsawa? Ba mu san abin da aka cire ba, ba mu san wanda ya cire ba. Hanya ɗaya ta rage. Shaida ta Uku ta fito nan gaban jama'a, da fuskarta da sunanta, ta maimaita da bakinta. In ba haka ba a jefar da wannan."

Shugaba ya shafa gemu. "Maganar lauya tana da hanya."

"Ina goyon baya!" in ji Mataimaki da sauri.

Na hango bayan wuyan Auta ya sandare. Manajanta yana juyawa yana ƙare wa ma'aikatansa kallo ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa addu'ar da na sani tun ina yaro ta ƙi zuwa.

Sai Makulli ya buga ƙafa. Ba don Auta ba, bai ma san tana wurin ba. An taɓa aikinsa ne.

"Ba a san wanda ya cire ba? A ofishina? Ranka ya daɗe, kowace taga a takardar nan tana da shaidar haihuwa!" Ya zaro rajista daga hammata, ya lashi yatsa, ya fara karantawa da muryar mai shela. "Shafi na ɗaya, sunan shaida, umarnin kwamiti. Shafi na ɗaya, kwanan wata, hikimar muƙaddashin sakatare. Shafi na biyu, sunan shaida, umarnin kwamiti."

"Ya isa," in ji Shugaba.

"Bai isa ba, an zarge ni." Ya ci gaba, shafi bayan shafi, mutane suna hamma. "Shafi na sha huɗu, sunan Mataimakin Shugaban kwamiti, wuri uku, umarnin Mataimakin Shugaban kwamiti, ranar Alhamis bayan cin abinci. Ƙarin bayani: ya kuma nemi in gaya masa sunan shaida, na ce ya rubuto a takarda, kwafi uku. Bai rubuto ba. Shafi na sha biyar..."

Hammar ta tsaya a bakunan mutane. Ba ka jin komai sai alƙaluman 'yan jarida.

"Maimaita na sha huɗu," in ji wata 'yar majalisa daga ƙarshen tebur.

Ya maimaita, har da jan murya, yana murna an yaba rubutunsa.

"Me sunan Mataimaki yake yi a shaidar ruwa?" ta ce.

"A wurin da aka ce wani babba ya yi waya a daina gwaji ne, ranki ya daɗe. Da zai sa ni in cire, ya ce kada sunan ya ɗauke wa jama'a hankali."

"Ƙarya ne!" Mataimaki ya miƙe, gumi yana zubo masa har cikin wuya. "Ban taɓa taka ofishin mahaukacin nan ba! Sunana ba ya cikin kowace takarda!"

"Zauna, zauna," in ji Shugaba, mai tausayi. "Dubi yadda kake gumi. Kai mai gadi, ƙara wa Mataimaki fanka."

Mai gadi ya murɗa fankar sama har ƙarshe.

"Ni mahaukaci?" in ji Makulli. "Ni maƙaryaci? Shekara ashirin da shida! Komai yana nan, ko ɗigo ban zubar ba!"

Ya fizgo ambulan mai ruwan ƙasa daga cikin riga. Na miƙe tsaye, na ɗaga hannu, na ce "Malam!" amma muryar tsoho ba ta kai gaba. Ya kifa ambulan a kan tebur ya zazzage.

Guntayen ba su ko taɓa teburin sosai ba. Fanka ta kwashe su ta watsa sama, suka cika zauren kamar an fige kaza. Suka sauka a kan huluna, a cikin kofunan shayi, a gemun Shugaba. 'Yan jarida suka dira ƙasa da rarrafe. Lauya ya manta da girmansa yana cafke iska da hannu biyu. Manaja ya ce wa ma'aikatansa, "Ku tsinto mini! Duk wanda ya ga suna ya kawo!" Na ga Auta ta durƙusa tare da su, tana tsinta. Makulli yana tsalle a tsakiya, makullai suna kaɗawa, yana ihu, "Kayan majalisa ne! Kowa ya sa hannu kafin ya ɗauka!"

"Na samu Laraba!" in ji wani.

"Ni titi na samu!"

"Ga sunan Mataimaki!" in ji wata 'yar jarida, ta ɗaga guntun sama. "Ga wani ma a kan takalminsa!"

Ina tsaye ina jiran wanda zai ɗaga murya ya kira sunan 'yar ƙanwata. Goggo ta ja hannun rigata.

"Zauna, Baba Malam, kada ka faɗi. Sha shayi."

"Goggo, sunan..."

"Na ce sha shayi."

Aka tsince zauren tas. Manaja ya jera abin da aka kawo masa a kan cinyarsa, yana juya kowane guntu gaba da baya. Tituna, ranaku, rabin alƙaluma, sunan kamfaninsa sau shida. Ya sake bi daga farko. Babu.

Ana cikin haka aka ji ƙwas, ƙwas a bakin ƙofa. Sakatariya ce a kan sanduna biyu, ƙafa a ɗaure, direbanta yana biye da ita rungume da kwali. Ta dubi zauren, ta dubi gemun Shugaba, ta dubi Makulli.

"Ranka ya daɗe, ga kwafi goma sha biyu. An rufe sunan shaida kaɗai, sauran komai yana nan, da alƙaluman. Na asali yana cikin akwatin ƙarfe, makullin yana wuyana. Tun kafin in faɗi na gama su, ban dai samu na miƙa ba."

Makulli ya buɗe baki. "Na asali? To wanda na yi kwana uku ina..."

"Kwafin aiki ne da na bari a kan tebur. Shekara goma sha ɗaya muna ofis ɗaya da kai, Malam. Ka taɓa ganin na bar maka na asalin wani abu?"

"Amma rajistata..."

"Rajistarka kam a karɓa," in ji 'yar majalisar nan. "Ita ce takarda mafi amfani da aka kawo yau."

Shugaba ya karanta shafi ashirin da biyu a zaune a wurin, abin da aka ce bai sake yi ba har ya bar majalisa. Ba a kira Shaida ta Uku ba. Mataimaki ya fita ta ƙofar baya, da guntun takarda manne a ƙeyarsa. Abin da ya faru da shi daga baya da kamfanin, na san an yi ta shari'a, amma yadda ta ƙare ya shige mini duhu. Na dai tuna ruwan famfo ya daina wari. Auta ta koma aiki washegari a bas ɗin da ya kawo su, ta ci gaba har ta yi ritaya a sabon kamfanin da ya karɓi aikin.

Malam Makulli an mai da shi ɗakin ajiyar tsofaffin kujeru a ƙasan bene. Na ziyarce shi sau ɗaya. Makullansa sun zama ashirin.

"Baba Malam, ka rubuta yadda na kayar da Mataimaki? Tarko na ɗana masa. Tun ranar Litinin na shirya komai."

"Har da fankar?"

"Musamman fankar."

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne inda guntaye goma sha taran nan suka shiga. Na yi shekaru ina zaton iska ce ta fitar da su ta taga, ina tsoron ranar da wani zai tsinci ɗaya. Sai bayan Goggo ta bar aiki na je gaishe ta a gidan ɗanta. Muna cikin hira ta aiki jikarta ta ɗauko wani tsohon gwangwanin ganyen shayi daga ƙarƙashin gado, ta buɗe ta miƙo mini.

"Ranar zaman da safe Makulli ya ɗora ambulan a kan kekena," ta ce, "don hannunsa ya samu sararin nuna wa 'yan jarida yadda ya kama ɓarawon fayil a zamanin da. Ka san labarin nan, ba ya ƙarewa ƙasa da rabin awa. Na tura keken bayan ƙofa na zauna na tsince. Sunan ai na gan shi a taga, kuma na ga kofinka ya faɗi."

"Ba ki ma san ta ba, Goggo. Me ya sa?"

"Da ruwan nan nake dafa wa majalisa shayi, Baba Malam. Da shi nake dafa wa jikokina."

Na zuba su a tafin hannu na ƙirga, uku daga ciki har yanzu suna warin man takalmi. Da yake ban yarda da ƙwaƙwalwata ba, washegari na hau bene na biyu, na sa aka fito mini da rajistar daga ɗakin karatu, na bi da yatsa layi layi inda aka rubuta sunan shaida, umarnin kwamiti. Goma sha tara ne a rajista, goma sha tara ne a gwangwani.